Fata mai ɗaukar ruwan hoda da wahalar samun faundeshan da zai zauna mata

Akwai abin dariya a cikin lamarin nan. Launin da muke kira ruwan hoda daga kayan kwalliya ya samo sunansa, amma macen da fatarta ke ɗaukar wannan launi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya wajen samun hoda ko faundeshan (man kwalliya mai launin fata da ake shafa wa fuska) da zai zauna mata daidai. Za ta saya, ta shafa a gaban madubi ta ga kamar ya yi, tana fita rana sai fuska ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara, wuya kuma yana can da nasa launin daban. Ta koma ta ɗauko wanda aka ce na masu jan fata ne, wannan karon sai fuskar ta yi jawur kamar wadda ta sha mari. An gudu ba a tsira ba.

Ni ma na yi wannan kai-komo, kwalabe nawa ne suka tsufa a durowata ban ko ci rabinsu ba. Sai daga baya na gane cewa tambayar ce muke yi a baibai. Muna tambayar wace kwalba ce ta dace, alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne: jan nan da nake gani a fuskata, daga ina yake? Domin ja iri biyu ne, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗayan.

Bari mu fara da ita kanta fatar. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba ta launi. Na farko melanin, wanda wasu ƙwayoyi na musamman ke ƙerawa a shimfiɗar fata ta sama. Shi ma kala biyu ne: yumelanin mai bayar da baƙi da ruwan ƙasa, da fiyomelanin mai karkata wajen ja da rawaya. Na biyu jini, wato himoglobin da ke yawo a cikin ƙananan hanyoyin jini a ƙarƙashi; idan ya ɗauki iskar oksijin ja ne sosai. Na uku karotin, mai ɗan ƙara rawaya. Yawan ƙwayoyin da ke yin melanin kusan ɗaya ne a jikin fara da baƙa, bambancin yana ga yawan abin da suke fitarwa da irinsa. Ki ɗauki melanin a matsayin labule da aka saka a gaban jini. Inda labulen ke da kauri, jan ba ya fitowa sosai. Inda yake shara-shara, kuma rawayar fatar ba ta da yawa, sai jinin ya leƙo, ido ya ga ruwan hoda.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: babu fatar ɗan Adam da take ruwan hoda na gaske irin na fure ko na atamfa. Duk fatar duniya tana zaune ne a wani ɗan siririn fili tsakanin rawaya da ja. A 2012 kamfanin Pantone, wanda sana'arsa ke nan tantance launuka, ya fitar da jerin launukan fata 110, kuma harufa biyu kawai ya yi amfani da su wajen nuna inda kowanne ya karkata, Y don rawaya da R don ja. Ke nan idan an ce miki fatarki ruwan hoda ce, ma'anar ita ce rawayarki ta ɗan gaza ta wasu, janki ya ɗan fi. Ɗan bambanci ne ƙalilan. Wadda ta fahimci wannan ba za ta je ta ɗauko kwalbar da ke ruwan hoda ƙarara tun daga waje ba.

To, yanzu ga ja iri biyun. Akwai wanda yake a jiki gaba ɗaya, ba ya zuwa ba ya tafiya: za ki same shi a wuya, a ƙirji, a bayan kunne, a cikin damtse inda rana ba ta cika taɓawa ba. Wannan shi ne masu kwalliya ke kira andaton, launin da ke kwance a ƙarƙashin hasken fata ko duhunta. Akwai kuma jan da ke saman fuska kawai, a kumatu, da gefen hanci, da haɓa, da tsakiyar goshi. Shi wannan baƙo ne, ko da ya daɗe. Zafi na kawo shi, sanyi mai tsanani na kawo shi, haka motsa jiki, ƙuraje, sabulu mai kaifi, gurza fuska da ƙarfi, da mayukan da ke ɗauke da retinol ko asid idan an cika su. Akwai ciwon fata da likitoci ke kira rozeshiya, wanda ke sa tsakiyar fuska ta riƙa yin ja. Akwai kuma mayukan da ke da sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol, da ake samu a cikin wasu mayukan bilicin: idan aka daɗe ana shafa su fata na sirancewa har ƙananan jijiyoyi su bayyana, kumatu su yi ja. Wannan ba aikin faundeshan ba ne, aikin likitan fata ne, kuma gara a faɗa ƙarara.

Mace mai rawayar fata a wuya da ƙirji amma kumatunta ja ne, idan ta sayi faundeshan mai ruwan hoda don ta bi kumatun, ta ƙara wa wuta fetur: ta ɗauki jan da ke kumatu kawai ta shimfiɗa shi a fuska baki ɗaya, kai ya rabu da gangar jiki. Ita kuwa wadda janta na asali ne, idan aka ba ta mai rawaya da sunan za a "kashe jan", ita ce ke fitowa kamar mara lafiya. A ganina kashi mafi yawa na kukan "na rasa launina" daga wannan ruɗanin yake, ba daga ƙarancin kwalabe ba.

Yaya za ki bambance? Ki wanke fuska, ki bar ta kamar minti 20 zuwa 30 ta huce, domin wankin kansa yana tayar da jini. Ki tsaya kusa da taga da rana, ki sassauta wuyan riga yadda za ki ga fuska da wuya da saman ƙirji a madubi ɗaya. Kada ki kalli kumatu tukuna. Ki kalli gefen fuska, can kusa da kunne da layin muƙamuƙi, inda ja na sama bai cika kaiwa ba, ki kwatanta da wuya. Sannan ki danna ɗan yatsa a kan kumatun na daƙiƙa uku ki ɗaga. Jinin zai kauce na ɗan lokaci, ki ga wani ɗan da'ira mai haske kafin ya dawo. Idan abin da ya bayyana a wurin rawaya-rawaya ne irin na wuyanki, to akwai alamar jan nan na sama ne. Likitoci ma suna yin irin wannan da ɗan gilashi idan suna son sanin ko ja daga hanyoyin jini yake. Ba hukunci ba ne, hannunka mai sanda ne kawai.

Dabarar duba jijiyar hannu kuwa, wadda ta cika intanet, wai idan shuɗiya ce ke mai sanyin launi ce (mai ruwan hoda), idan koriya ce mai ɗumi (mai rawaya), ban ba ta muhimmanci ba. Jinin da ke cikin jijiya ba shuɗi ba ne ba kore ba. Yadda haske ke shiga fata ya dawo ne ke sa ido ya gan ta haka, kuma zurfin jijiyar da kaurinta na canza abin da ake gani. Mutum ɗaya zai iya ganin shuɗi da kore a hannu guda. Mai duhun fata ma sau da yawa ba ta ganin komai. Haka zancen wai zinare ko azurfa wanne ya fi yi miki kyau: kowa abin da take so take gani.

Dabarar da ke da tushe ita ce ta kula da abin da ke kewaye da fuskar. Wani masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, yana kula da rini a masaƙar Gobelins da ke Faris, aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensa ba shi da kyau. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke sa ido ya gan shi daban. Ya buga bayanin wannan a 1839. Abin da ya shafe mu a nan: koren mayafi ko koren bango na sa fuska ta ƙara ja a ido, jar riga na jefa nata hasken a ƙarƙashin haɓa. Ranar gwaji ki sa fari ko ruwan toka, ki goge jambaki, ki ɗaure gashi baya.

Sai mu leƙa cikin kwalbar. Kusan duk faundeshan ɗin duniya, mai tsada da mai araha, da hodar launi huɗu ake haɗa shi: farin titaniyam dayoksaid, da tsatsar ƙarfe kala uku, ja da rawaya da baƙi. Idan kika juya kwalba za ki gan su a ƙarshen jerin sinadarai da lambobi: CI 77891 shi ne farin, CI 77491 ja, CI 77492 rawaya, CI 77499 baƙi. Mai ruwan hoda ba wani sirri ne da shi ba, an rage rawaya ne an ɗan ƙara ja. Wannan ne ya sa kuskuren ke fitowa ta hanyoyi biyu da aka saba gani. Idan jan ya yi yawa kuma rawayar ba ta ragu ba, sakamakon ruwan lemo ne, abin da masu hasken fata suka fi kuka da shi. Idan kuma fari da baƙi ne suka yi yawa, sai fuska ta yi toka-toka, kukan masu duhun fata ke nan.

Kuma kada a ɗauka maganar ja a fata ta farare ce kawai. Wankan tarwaɗa da baƙa wuluk duk suna iya karkata wajen ja, sai dai a jikinsu ba ya fitowa a matsayin ruwan hoda. Yakan zama ja mai duhu irin na katakon madaci, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Matsalarsu ta daɗe domin kamfanoni sun yi shekaru suna samar da duhu ta hanyar ƙara baƙi kawai. Balanda Atis, masaniyar sinadarai a kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal, ta yi suna ne kan amfani da shuɗin altramarin, CI 77007, wajen samar da launuka masu duhu da ba sa mutuwa a fuska. Da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da launuka 40, daga baya suka kai 50, sauran kamfanoni suka bi sahu da gudu. An samu ci gaba, ba musu. Amma yawan kwalabe bai warware ruɗanin suna ba, sai ma ƙara shi da ya yi.

Sunan da ke jikin kwalba, a gaskiya, shi ne babban tarko. Babu wata hukuma da ta tilasta wa kamfanoni ma'ana ɗaya. Yawancinsu suna sa harafin C ga mai karkata wajen ruwan hoda, W ga mai rawaya, N ga na tsaka-tsaki. Haka Estée Lauder ke yi a Double Wear: a lamba irin 2C3, adadin farko na nuna zurfin duhu, harafin na nuna andaton. L'Oréal True Match a kasuwannin Turai yakan haɗa harufa biyu, R tare da C don mai ruwan hoda, D tare da W don mai ruwan zinare, saboda sunayen Faransanci. Sai ga kamfanin MAC ya juya abin: a wurinsa NW ne na masu ja-jan fata, NC kuma na masu rawaya. Mata nawa ne suka ga C a jikin NC suka ɗauka nasu ne, suka koma gida da kwalbar da ta fi kowacce rawaya? Kamfanonin Japan suna da nasu tsarin, OC na tsakiya, PO mai ɗan ruwan hoda, BO mai ƙarin rawaya. Na Koriya ta Kudu sukan tsaya kan lambobi irin 13 da 21 da 23. Ko a kamfani ɗaya, N na wannan samfurin ba lalle ya zama N na wancan ba. Kama da wane ba ta wane.

Ma'aunan da masana ke amfani da su ma ba za su cece ki ba. Na Thomas Fitzpatrick, likitan fata na Harvard, wanda ya fara a 1975 ya kuma zama rukuni shida daga baya, an yi shi ne don sanin yadda fata ke amsa hasken rana, ko tana ƙonewa ko tana duhu. Na Ellis Monk, masanin zamantakewa, mai matakai 10, wanda Google ya ɗauka a 2022, ya fi bin haske da duhu. Babu wanda aka gina don ya gaya miki C ko N.

Saura gwaji, wanda babu makawa daga gare shi. Ki fara da zurfin launi kafin andaton, domin idan kwalba ta yi miki haske ko duhu da yawa ba za ki iya ma tantance ja da rawaya ba. Idan kin samu zurfin, ki ɗauki guda uku a mataki ɗaya: mai ruwan hoda, na tsakiya, da mai rawaya. Ki ja layi uku a tsaye, kowanne ya fara daga ƙasan kumatu ya tsallaka muƙamuƙi ya sauka wuya, da ɗan tazara a tsakaninsu. Kada ki murza su su ɓace; ki ɗan shafa gefe ɗaya kawai na kowane layi. Bayan hannu ba wurin gwaji ba ne, rana ta riga ta canza shi, cikin tsintsiyar hannu kuma ya fi fuska haske.

Daga nan ki bar wurin. Fitilun kanti ba abin yarda ba ne. Ƙwan lantarki mai ruwan zinare yana kusan digiri 2700 a ma'aunin Kelbin na launin haske, hasken rana tsaka yana wajen 5500 zuwa 6500, kuma launuka biyu da suka yi daidai a ƙarƙashin ɗaya na iya rabuwa a ƙarƙashin ɗayan. Haske mai rawaya yana rufa wa faundeshan mai rawaya asiri, shi ya sa mai ja-jan fata ta fi kowa faɗawa wannan ramin. Ki fita inuwa mai haske, ba cikin ƙwalleliyar rana ba, da ƙaramin madubi a hannu. Ki miƙa hannun har ƙarshe, ki ɗan lumshe ido. Layin da kika sha wahalar ganowa shi ne naki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sannan ki jira. Minti 15 ko fiye, in da hali rabin yini. Da yawa daga faundeshan suna ƙara duhu ko su karkata wajen ruwan lemo bayan an shafa. Masu kwalliya na ce wa wannan oksidaizin, kodayake mafi yawansa ba wani tsatsa ba ne, domin hodar launin ta riga ta zama tsatsa tun daga masana'anta. Abin da ke faruwa shi ne ruwa da sauran abubuwa masu tashi sun bushe sun bar launin ya taru, maiƙon fuska kuma ya jiƙa hodar ta yi duhu, kamar yadda ƙasa ke yi idan ruwa ya taɓa ta. Mai maiƙon fuska ta fi ganin wannan. Akwai ranar da wata mai sayarwa ta gwada mini, muka duba tare muka yarda ya yi, na biya. Kafin in isa gida layin da ke muƙamuƙina ya zama kamar an shata shi da alƙalami. Ba laifinta ba ne, ni ce na yi gaggawa. Tun daga nan nake neman ɗan samfur a ƙaramin mazubi in kwana biyu da shi kafin in yanke shawara.

Idan wuya da fuska da ƙirji duk sun saɓa fa? Yana faruwa sosai, domin haɓa na yi wa wuya inuwa, shi ya sa yakan fi haske kuma jansa bai kai na ƙirji ba. Ni ra'ayina a bi wurin da zai fito fili. Idan rigar ta rufe ƙirji, a bi wuya. Idan ƙirji a buɗe yake, a nemi tsakiya, a ɗan sauko da abin da ya rage a soso zuwa wuyan.

Wadda ta gano cewa janta na saman fuska ne, hanyarta daban: faundeshan ya bi wuya, jan kuma a yi maganinsa a inda yake. Ɗan koren korekta, wato man gyaran launi, kaɗan, a kan wurin kawai, a daddanna shi kafin faundeshan, domin kore da ja kishiyoyi ne suna kashe juna. Kaɗan fa na ce. Idan ya yi yawa sai wurin ya koma ruwan toka, garin neman gira a rasa ido. A kan fata mai duhu koren mai haske yakan bar fari-fari, don haka sau da yawa konsila (man rufe tabo) mai rufi sosai da ya dace da launin fatar ya fi shi aiki.

Wadda kuwa janta na asali ne, sau da yawa za ta tarar cewa na tsakiya ya ɗan gaza, mai ruwan hodan kuma ya ɗan wuce. Nan haɗi ke shigowa. Ana sayar da ɗigon launi zalla na gyara: shuɗi yana kashe ruwan lemo, ja yana rage rinjayen rawaya, fari yana ƙara haske. Kan tsinke kawai ake ɗiba, a gauraya a bayan hannu, ba a cikin kwalba ba, don kuskure ɗaya kada ya ci kwalbar duka. Kuma mai irin wannan fata ta sani cewa kaurin rufi na ƙara tona kuskure. Mai shara-shara yana barin launinta na gaskiya ya ratso ya cike giɓin, mai kauri kuwa sai ya dace ɗari bisa ɗari ko ya zama abin rufe fuska. Hodar da za a bi da ita a sama ma tana da nata tasirin: waccan mai ruwan ɗorawa da ake yayi tana iya mayar da aikin baya gaba ɗaya, gara mara launi. Sai dai mara launin da ke da silika da yawa takan yi fari fat idan filashin kyamara ya haska ta, don haka a ɗauki hoto ɗaya a gida kafin a fita.

Launin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya duk shekara. Idan rana ta taɓa fata melanin na ƙaruwa, labulen nan ya ƙara kauri, jan ya ɗan ja baya, sai kwalbar da ta dace watanni huɗu da suka wuce ta koma ta yi haske kuma ta yi ruwan hoda da yawa. Ni dai da na yi gwajin layi ukun nan a bakin taga, na tsakiya ne ya kusan ɓacewa, ya rage ɗan rawaya kaɗan a gefen wuya. Na koma durowa na lalubo kwalbar nan da ta taɓa mayar da ni kamar wadda ta sha mari. Yanzu ɗigo ɗaya nake ɗiba daga cikinta a kan uku na ɗayar, lokacin zafi kuma ina barin ta a rufe.